Ɗinka wa Wanda Ba Ka Taɓa Gani Ba

Kwanakin baya wani matashi da nake koya wa aiki ya ce in zo in duba masa wani abu. Ya rubuta 'yar manhaja da harshen Go a kwamfutarsa ta cinya, yana so ta yi aiki a wata ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwar ARM da ke ajiye a gefen teburinsa. Ina tsaye a kansa ya rubuta layi ɗaya, ya ce GOOS linux ne, GOARCH kuma arm64, ya danna. Kafin in gyara tsayuwa aiki ya kammala. Ya tura wa na'urar, manhaja ta tashi lafiya lau. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, shi ke nan, ko akwai saura?" Na ce masa shi ke nan. Na koma kujerata, amma hankalina ya tafi shekarar 2013, lokacin da irin wannan aikin da ya gama kafin ƙiftawar ido ya hana ni barci kusan mako guda.

Ga wanda ba sana'arsa ba ke nan, ga yadda abin yake. Mai rubuta manhaja yana rubutu ne da harshen da mutum zai iya karantawa, irin su C ko Go ko Rust. Ita na'ura ba ta jin ko ɗaya daga ciki. Abin da take ji umarni ne na lambobi zalla, kuma kowane gidan ƙwaƙwalwar na'ura da nasa. Na Intel da AMD, wanda ake kira x86, daban yake da na ARM da ke cikin wayar aljihunka, Tecno ce ko Samsung ko iPhone. Kwamfaila ita ce tafintar da ke juya rubutun mutum zuwa harshen na'ura. Ba ita kaɗai ke aikin ba. Akwai asambula da ke mayar da umarni lambobi, akwai linka da ke ɗinke guntaye su zama abu guda, sannan akwai laburaren C wanda manhaja ke jingina da shi in za ta buɗe fayil ko ta rubuta kalma a allo. Waɗannan su ne kayan aikin, kuma a sarƙe suke, abin da wannan ya fitar shi na gabansa zai karɓa. In guda ya saɓa, aiki ya lalace.

Idan a kan na'urar da za ta yi amfani da manhajar kake ginin, da sauƙi. Tela ne da mai riga a gabansa, ya gwada shi, ya yanka, ya sa masa ya gani. Wahalar tana farawa in mai rigar yana nesa. Ka ɗauki tela a Fagge da aka aiko wa awo a takarda daga Agadas. Bai taɓa ganin mutumin ba, ba zai sa masa rigar ya ga inda ta matse ba, iyakarsa abin da aka rubuto. Wannan shi ne abin da zan kira ginin tsallake: ka gina a wata na'ura domin wata daban. Kuma yau kusan duk manhajar da ke cikin waya, da na'urar POS, da akwatin wayifai, ta wannan hanyar aka gina ta, domin ba mai zama ya gina manhaja a kan na'urar POS.

Matsalar ta girmi yawancin masu fama da ita. A 1973 aka sake rubuta Unix da harshen C a Bell Labs da ke Amurka, abin da ya sa aka fara tunanin babbar manhaja za ta iya ƙaura daga wata na'ura zuwa wata. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Jami'ar Wollongong a Ostireliya. Tsakanin 1976 da 1977 Richard Miller ya yi aikin mayar da Unix kan wata na'ura mai suna Interdata 7/32, alhali jami'arsu ba ta da PDP-11, wadda a kanta Unix da kwamfailar C suke aiki. Mafi kusa tana Sidni, tafiyar kimanin kilomita 80. Sai ya riƙa zuwa can ya yi gini, ya ɗauko abin da ya fito a faifan tef, ya dawo gida ya gwada. Kuskure ɗaya na iya zama wata tafiyar. Duk lokacin da na ji wani yana ƙorafin gini ya ɗauki minti biyar, mutumin nan nake tunawa.

A wancan zamani kowane kamfanin na'ura da kwamfailarsa, kuma sau da yawa da kuɗi ake saye. Richard Stallman ya fitar da GCC a watan Maris na 1987, kyauta, da rubutun tushenta a buɗe, kuma an tsara ta yadda za a iya koya mata harshen sabuwar na'ura ba tare da an rushe ta duka ba. Cikin 'yan shekaru ta zama tafintar na'urori barkatai. Sai dai kowace GCC da ka gina na'ura ɗaya take yi wa magana. In kana son ta ARM, sai ka gina wata daban. In kana son ta MIPS, wata kuma. A nan ne yawancinmu muka sha wuya.

Domin gina kwamfailar tsallake kamar maƙeri ne da zai ƙera awartaki, alhali sai da awartaki ake riƙe ƙarfen a wuta. GCC cikakkiya tana buƙatar laburaren C na waccan na'urar, shi kuma laburaren ba ya ginuwa sai da GCC. Dabarar ita ce a bi mataki mataki. Ka fara da binutils, inda asambula da linka suke. Ka ɗauko fayilolin bayanin ƙwayar Linux. Ka gina wata gurguwar GCC da ba ta san laburare ba, da ita ka gina glibc, wato laburaren C ɗin, sannan ka dawo ka sake gina GCC ta gaske. Kowane mataki awa ne ko fiye a kwamfutocin da muke da su, kuma ba kowane zubin GCC ke shiri da kowane zubin glibc ba. Kana iya kaiwa mataki na huɗu abu ya tsaya, ka gano kuskuren tun a mataki na farko ka yi shi. Shi ya sa da Dan Kegel ya fitar da crosstool, daga baya Yann Morin ya biyo da crosstool-NG, mutane suka yi ta sa musu albarka. Ba sabon abu suka ƙirƙira ba, haɗin da ke aiki suka rubuta suka ajiye, don kada kowa ya sake faɗawa ramin da wani ya riga ya faɗa.

Akwai kuma configure. Tun 1976 Stuart Feldman ya samar da make, mai lura da abin da za a gina da tsarin da za a bi. A 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf, wanda ke samar da wani dogon rubutu mai suna configure, aikinsa ya binciki na'urarka kafin gini. Yadda yake binciken akwai hikima: ya rubuta 'yar manhaja, ya gina ta, ya kunna ta, ya ga amsar da za ta bayar. A ginin gida wannan daidai ne. A ginin tsallake kuwa 'yar manhajar ta wata na'ura ce, ba za ta tashi a taka ba. Wani lokaci ya tsaya ya ce ba zai iya gwaji ba, sai ka ba shi amsar da hannunka. Wani lokaci kuma, in marubucin manhajar bai yi hattara ba, sai a auna na'urar da ke gabanka a ɗauka ita ce waccan. Telan Fagge ke nan ya rasa awo, ya gwada a jikinsa, ya yanka.

Kuma bambancin jikin ba ƙarami ba ne. Wasu na'urori suna jera lamba a ma'adana daga kai zuwa wutsiya, wasu daga wutsiya zuwa kai, kamar boko da ajami, kowanne da gefen da yake farawa. Nau'in lambar da C ke kira long yana cin bit 64 a Linux na zamani, amma 32 a Windows, ko da a kan na'ura ɗaya ce. Nau'in char yana ɗaukar lamba ƙasa da sifili a x86, a Linux na ARM ba ya ɗauka. Waɗannan ba sa hana gini kammaluwa. Manhajar za ta ginu, ta tashi, ta yi wata uku tana aiki, rana ɗaya ta ba da lissafin banza. Mutanen GNU, masu GCC, sun ware sunaye uku don kada a ruɗe: na'urar da ake gini a kanta, na'urar da abin da aka gina zai zauna, da na'urar da kwamfailar za ta riƙa yi wa fassara. In ukun duk sun bambanta suna kiransa ginin Kanada, wai don a lokacin ƙasar tana da manyan jam'iyyu uku.

Nawa rabon ya zo ne da Raspberry Pi. An fara sayar da ita a 2012, 'yar allo mai girman katin banki, ƙwaƙwalwarta na gudun megahaz 700. Wani abokina ya zo mini da guda daga tafiya. Na so in ɗora mata wata manhaja da aka rubuta da C, na fara gini a kanta kai tsaye. Tafiyar hawainiya take yi, kuma kafin ta kai rabi an ɗauke wuta. Sau biyu haka ta faru. Na ce to, bari in gina a kwamfutar cinya mai batir. Na sauko da kwamfailar tsallake mai suna arm-linux-gnueabihf, na ga sunan ya dace: ARM ce, Linux ce, tana lissafin ɓangaren lamba da ƙwaƙwalwar kanta. Gini ya tafi sumul. Na tura, na kunna, na'ura ta ce an ba ta umarnin da ba ta sani ba, ta kashe manhajar nan take.

Na sake gini. Na canja wannan, na canja wancan. Dare na uku na fara zargin allon ne ya lalace. Sai a rana ta biyar na gane abin da ke faruwa. ARM gida ne mai zuriya. Pi ta farko 'yar zuriya ta shida ce, kwamfailar da na sauko da ita kuwa an saita ta ne don zuriya ta bakwai, har guntayen da take liƙa wa kowace manhaja a farkonta na ta bakwai ne. Ko na ce mata ta yi magana da harshen ta shida, waɗannan guntayen suna nan. Ba laifin kowa ba ne, ni ne na karanta suna na ɗauka awo ne. Daga baya na fahimci wannan giɓin ne ya sa Mike Thompson da Peter Green suka zauna suka sake gina dubban manhajojin Debian, wani nau'in Linux, daga tushe domin wannan allo, aikin da ya zama Raspbian. Tun daga ranar ban ƙara yarda da gini ba sai na ga ya tashi a jikin na'urar da aka yi dominta. Gani ya kori ji.

Sauyin da ya biyo baya ta hanyoyi da yawa ya shigo, kuma ba rana ɗaya ba. Babbansu a ganina shi ne LLVM, wanda Chris Lattner da Vikram Adve suka fara a Jami'ar Illinois a 2000, da Clang da ta fito daga cikinsa a 2007. Clang guda ɗaya tana jin harshen na'urori da yawa, kai dai ka faɗa mata wadda kake nufi. CMake, wanda kamfanin Kitware ya fara a 2000, ya ba mu fayil guda da za ka rubuta bayanin waccan na'urar a ciki ka ajiye. A watan Agusta na 2015 Go 1.5 ta fito da kwamfailar da aka rubuta da Go ɗin kanta, daga nan ginin tsallake ya koma layin nan ɗaya da ɗalibina ya rubuta. Rust ta zo da nata sauƙin, Zig ta Andrew Kelley ta zo ɗauke da kayan laburaren C na na'urori da yawa a ƙunshi guda. Docker, tun 2013, ya sa mutum ɗaya zai sha wahalar haɗa kayan aiki, ya ƙulle su a akwati, dubbai su ɗauka yadda suke. Yaron sakandaren da ke danna maɓalli a allon Arduino ya ga fitila tana ƙyaftawa, ginin tsallake yake yi da GCC zuwa ƙwaƙwalwa mai ma'adanar aiki ta kilobayit 2, bai ma san sunan abin ba.

Ba na cikin masu kewar wahala. Na ji wasu tsofaffin hannu suna cewa yaran yanzu ba su san komai ba tunda ba su taɓa gina GCC da hannu ba, kuma ban yarda da su ba. Makon da na ɓatar a kan allon nan, da a kan manhajar kanta na ɓatar da shi da ya fi amfani. Mu da muke aiki inda wuta ba ta da tabbas, data kuma da tsada, mun fi kowa cin moriyar wannan sauƙi. Wanda a da sai ya yi kwana uku yana gini yana addu'ar kada a ɗauke wuta, yau cajin batir ɗaya ya ishe shi. Wannan alheri ne, kuma mutanen da suka yi shi, da yawa daga cikinsu ba a biya su ko sisi ba.

Abin da ke damuna daban ne. Wahalar ba ta mutu ba, rufe ta aka yi, kuma tana leƙowa. Ranar da manhajar Go ɗin ɗalibina za ta buƙaci wani laburare da aka rubuta da C, layin nan ɗaya ba zai ishe shi ba, sai ya nemo kwamfailar tsallake ta C kamar yadda muka yi. Ranar da zai gina a sabuwar Linux ya tura wa tsohuwar kwamfuta, za ta ce masa zubin glibc da yake nema babu shi a nan. Kuma abin da aka rufe aka daina dubawa, ɓarawo yana son wurin. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'urarsa ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, ya ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ƙofar baya a xz, 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux, a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Ba a cikin rubutun C da mutane ke karantawa aka ɓoye ta ba. A fayilolin gwaji aka binne ta, abin da ke tono ta kuma yana cikin rubutun gini, wancan dogon configure da kowa ke kunnawa ba mai karantawa. Har tana duba na'urar da ake yi wa ginin, in ba Linux ta x86 mai bit 64 ba ce sai ta yi lamo. Wanda ya dasa ta ya san kayan gini fiye da yawancin masu amfani da su.

Na biyun ya fi kusa da gida. Bara goggona ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗan nan, duba mini, an ce in sauko da abin nan na karɓar kuɗi, ya ƙi." Waya ce 'yar ƙarama mai araha, irin wadda ake saye da yawa a Farm Centre a Kano. Shagon manhaja ya ce wayarta ba ta dace ba. Na samo ƙunshin manhajar na buɗe shi a kwamfuta. A Android kowane irin ƙwaƙwalwa da jakarsa a cikin ƙunshin: armeabi-v7a ta masu bit 32, arm64-v8a ta masu 64. Jaka ɗaya na tarar, ta 64. Wayoyi masu araha da yawa kuwa, musamman masu ƙaramar ma'adana, Android mai bit 32 ke cikinsu ko da ƙwaƙwalwar za ta iya ɗaukar 64. Tun Agustan 2019 Google Play ya wajabta a riƙa haɗawa da zubin 64, amma bai ce a jefar da na 32 ba. Wani ne a wani ofis ya goge kalma ɗaya daga fayil ɗin gini, wataƙila don ƙunshin ya rage nauyi, wataƙila don ba shi da irin wayar da zai gwada. Ya gwada a tasa ta tashi. Da kalma ɗayan nan ya rufe ƙofa ga goggona da duk mai waya irin tata, kuma na tabbata bai sani ba.

A nan na ga abin da tsohuwar wahalar ta koya mana ba da niyya ba. Wanda ya kwana biyar yana neman dalilin da allo ya ƙi manhajarsa, ba zai ƙara mantawa cewa na'urar da ke gabansa ba ita ce ta mai amfani ba. Dole ta sa muka san awon mutumin Agadas: zuriyar ƙwaƙwalwarsa, zubin laburarensa, yawan ma'adanarsa. Yau kayan aikin suna cike maka waɗannan da abin da suka zata, kuma zatonsu daga inda aka ƙera su yake, inda waya mai shekara huɗu ta tsufa, intanet kuma ba ya yankewa. Manyan kamfanoni suna da ƙarfin jan kowa su bi su. Apple ta sauya gidan ƙwaƙwalwar Mac sau uku, zuwa PowerPC a 1994, zuwa Intel a 2006, zuwa nata na ARM a 2020, kuma kowane karo masu manhaja sun bi ta da gudu suna gina zubi biyu a ƙunshi guda. Mai waya mai araha ba shi da wannan ƙarfin. Sai dai in mai ginin ya tuna da shi.

Shi ya sa washegarin ranar da ɗalibin nawa ya yi ginin nan, na kira shi na janye amsar da na ba shi. Na ce akwai saura. Na sa shi ya buɗe abin da ya gina da umarnin file, ya karanta mini abin da ya ce: wace ƙwaƙwalwa, bit nawa, yana jingine da laburare ko a tsaye yake da kansa. Na ciro tsohuwar Pi ɗin nan daga durowa, har yanzu tana aiki, na ce ya tura mata. Ta ƙi. Ya yi shiru yana kallon allo, sannan ya fara tambaya, kuma tambayoyin da ya yi su ne waɗanda na so ya yi. Bai kai awa ɗaya ba ya gano sai ya ce arm, ya kuma ƙara GOARM ya zama 6. Abin da ya ci mini kwana biyar ke nan, na kuwa ji daɗi ƙwarai da bai ci masa ba.

Kai da ke rubuta manhajar da mutanenmu za su yi amfani da ita, ko a Kano kake ko a Yamai ko a Legas, ina roƙonka abu ɗaya. Ka buɗe fayil ɗin ginin nan da ka gada daga wani ba ka taɓa karantawa ba, ka nemo layin da aka jera na'urorin da ake yi wa gini, ka duba wa aka sa, wa aka bari. Sannan ka sayi waya mafi araha da ke kasuwar garinku ka ajiye a teburinka, kada ka saki komai sai ya tashi a kanta.